Kujerar Tsinke

A gareji har yau Tsinke ake kiransa, ko da yake nauyinsa ya kai kilo ɗari da ashirin da shida. Sunan ya bi shi tun yana saurayi, lokacin da yake koyon tuƙin babbar mota a hannun yayansa. Yayan ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya faka a gefen hanya da rana tsaka, ya kashe inji, ya kifa kai a sitiyari. Likita ya ce zuciya ce.

Tsinke ya gaji motar. Ranar farko ya sa aka matso da kujera gaba, domin ta yi masa nisa.

Aikin direban doguwar hanya zama ne: awa goma a kujera, abinci mai maiƙo a duk inda aka tsaya, lemon kwalba don korar gyangyaɗi. Da tumbi ya fara gogar sitiyari, sai ya riƙa ja da kujerar baya kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da ya ja, sai ƙafar hagu ta ƙara miƙewa kafin ta taka kuloci. Gwiwar ta fara ciwo. Ya daina zagaya mota yana duba tayoyi, ya koma salla a zaune, nauyi ya ƙaru. Yana shan maganin ciwo daga kemis, biyu da safe biyu da yamma. Hakin da yake yi in ya hau mota, gwiwa yake ɗora wa laifinsa.

A bana kujerar ta kai ƙarshen ƙarfenta. Ya kai motar wurin tsohon mai waldar gareji, ya ce a huda sabon wuri a baya.

Mai walda ya ɗaga shimfiɗar roba, ya goge ƙasan da tsumma.

"Ba sai na huda ba, Tsinke. Ga huji huɗu nan."

"Wa ya yi su, Baba?"

"Ni. Yayanka ya kawo. Shi ma a nan ya tsaya, yana dafe da ƙofa yana haki kamar ya turo motar ne ya kawo ta. Bai cika wata biyar a kansu ba. In ɗaura kujerar?"

Tsinke ya daɗe yana kallon hujin. Ya ce a bari tukuna.

Da ya koma gida, matarsa ta cire masa takalmi, ta danna idon sawunsa da yatsa. Wurin ya lotsa, bai ciko ba.

"Baban yara, wannan ba gwiwa ba ce," in ji ta.

A asibiti aka samu hawan jini, zuciya ta fara gajiya, guringuntsin gwiwa ya cinye. Likita ta ce nauyi ɗaya ne ke danne duka biyun, kuma ƙwayoyin kemis na ƙara wa zuciyar wahala. Ta hana shi doguwar hanya sai bayan wata uku, in an sake dubawa.

Wani direba ke jan motar yanzu. Tsinke yana zagaya katangar gareji da safe, sau biyu, yana tsayawa ya huta. Kilo huɗu sun tafi. Ya tambayi likita ko zai koma kan hanya. Ta duba takardarsa, ta ce ya kawo matarsa ranar Talata su yi magana su uku.