Buhun Fikinik

Matata ce ta kawo kalmar gidanmu. Faransanci ta karanta, kuma muna cikin amarci a Funtua ta ce mu je fikinik. Na ce mene ne kuma haka? Ta ce a ɗauki abinci a tafi bayan gari a ci a inuwa. Wai asalin kalmar ta Faransawa ce: rabinta tsattsaga irin ta kaza, ɗaya rabin kuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni da na tashi ina shan fura a gona ban ga abin burgewa ba, amma lokacin ba na iya yi mata musu.

Na goya ta a babur muka bi hanyar Maska, wajen garinsu, muka shimfiɗa tabarma a gindin wata ɗorawa. Na tuɓe hula, na miƙe ƙafa, na cika baki da cinyar kaza, sai ga keke ya tsaya a kanmu. Mahaifinta ne, ya dawo daga duba masararsa.

Innalillahi! Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Na durƙusa, nama ya ƙi haɗiyuwa, gaisuwa ta ƙi fita.

Ya dubi kwanuka, ya dubi tabarma, ya ce, "Lafiya? Mai gidan haya ne ya tashe ku?"

"A'a Baba, fikinik muke yi," in ji ta.

"Me ke nan?"

Malamar tawa, maimakon ta ce shan iska, sai ta buɗe darasi: "Ma'anarsa tsattsagar ɗan abin da aka samu, Baba."

Tsohon ya sake duban kwanukan. Can ya ce, "Allah ya rufa asiri," ya hau kekensa.

Washegari ɗan acaɓa ya dire buhun masara a ƙofar gidanmu, maƙwabta na kallo, ya ɗaga murya: Alhaji ya ce 'yarsa ba za ta yi tsince-tsince a daji ba yana raye. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na tura aminina ya yi masa bayani. Ya dawo ya ce Alhaji ya yaba mini, wai yaron kirki ne mai ɓoye rashinsa.

Tun daga nan duk kaka sai buhun ya zo, ko da na yi gonata. Bara na kai masa masarar da na noma da hannuna, don ya gani. Ya sa albarka, sannan ya ja 'yarsa gefe, ina jin sa, ya tambaye ta a hankali ko har yanzu muna fikinik.