Muryoyin da Ka Kulle a Ɗakinka, Mustapha

Ranar Talata, sha biyar ga Afrilu, da hantsi, wata motar ɗaukar masara ta banke babur ɗin Malam Mustapha Habu a hanyar Ƙafin Maiyaki. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Mu na Allah ne, kuma wurinSa za mu koma. An yi masa sutura bayan la'asar a Dangora, yana da shekara arba'in da uku.

Mustapha, na san ba a yi wa mamaci faɗa. Amma shekara tara muna aiki tare a kwamitin sulhun manoma da makiyaya, ban taɓa ɓoye maka fushina ba, kuma ba yau zan fara ba.

Kai ne malamin kwamfutan da ya bi ƙauyuka da rugage da 'yar rikoda a aljihu, kana ɗaukar muryar tsofaffi kan inda burtali ya bi da inda gona ta tsaya. Wata tsohuwa a Doguwa ta ce ba za ta buɗe baki ba sai ka taya ta ɓarar gyaɗa. Ka zauna a ƙasa ka ɓare kwano biyu. Bara waccan, da aka zo ƙofar dagaci da sanduna, ba wa'azi ka yi ba. Muryar mahaifin mai gonar ka kunna, tsohon yana cewa daga tsamiya zuwa rafi hanyar shanu ce. Ɗan ya sunkuyar da kai, kowa ya tafi gida da jininsa a jikinsa. Yawancin tsofaffin nan sun rasu, har da mahaifina.

Da farko haya muka kama a na'urar wani kamfani na ƙasar waje don ajiye muryoyin. Wata rana katin banki ya ƙi aiki, suka aiko saƙo uku da Turanci mai ladabi, suka goge aikin shekara biyu. Ranar ka rantse ba za ka sake ba wa baƙo ajiya ba. Ka sayi tsohuwar kwamfuta ka mayar da ita ma'ajiya, abin da kuke kira saba, ka haɗa mata sola da batir a ɗakin karatunka.

"Malama," ka ce mini, "kayan da ke gidan wani, ranar da ya ga dama zai watso su waje."

"Na gidanka fa, ranar da zazzaɓi ya kayar da kai?"

"Sai ki kawo mini kunu."

Kana da gaskiyarka. Babu baƙon da ya sake taɓa mana ko murya ɗaya. Amma ka zama bawan akwatin nan. Ba ka kwana biyu a wani gari, kuma a bazara fankar ɗakinka shi kake juya wa, kai kana zufa. Sau huɗu na roƙi kwamiti a sake kama haya don a ajiye kwafi a waje, a riƙe biyun. Dattawan da suka iya buga kalanda mai ɗauke da hotunansu suka ce ba a buƙata, ai Mustapha yana nan.

To, yanzu ba ya nan. Ga abin da ya biyo baya, kuma zan faɗa ko ran wa zai ɓaci. Ranar farko ta zaman makoki zafi ya tsananta a rumfa. Ƙaninka Imran ya shiga ɗakin ya zare batir don a kunna wa baƙi fanka, su yi cajin waya. Matarka Lubabatu ta aiko daga ciki cewa kada a taɓa, aka ce mai takaba ta ji da addu'a. Da na tsare Imran sai ya ce, "Yaya, mutane na zufa, shi kuma akwati ne kawai." Kwana uku manyan mutane suna shan iska suna yabon aikinka, aikin kuwa a kashe.

Mun mayar da batir. Na'urar ta tashi, ta tsaya tana neman kalmar sirri. Babu mai ita sai kai.

Wannan laifinka ne, Mustapha. Ka tsere wa kamfanin da zai iya rufe mana ƙofa, ka zo ka rufe ta da kanka, ka tafi da makulli. Laifina ne ni ma. Sau biyu ka ce in zauna ka nuna mini, na ce idona ba ya ganin ƙananan rubutu, ni da ba na wuni ban karanta jarida ba. Ƙyuya ce kawai.

Saura kwana goma sha biyu a zauna gaban dagaci kan burtalin yamma, kafin a yi shuka. An riga an kafa turaku a inda bai kamata ba. In babu muryoyin nan, mai ƙarfin baki ne zai yi nasara, wanda ya rasa kuma ba zai haƙura ba.

Lubabatu ta tuna ka taɓa cewa ka rubuta kalmar a takarda ka sa cikin wani littafi. Littattafanka sun haura ɗari uku, 'yan'uwa kuma har sun fara maganar bayar da su sadaka. Kada ko ɗaya ya fita daga gidan nan. Kullum bayan azahar muna zama da ita a tabarma muna buɗe su shafi-shafi. Yau mun gama na sittin da huɗu.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa duk rigimar da ka kashe ta tsaya maka ranar hisabi. Ya yafe maka wannan sakacin, Ya yafe mini nawa. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Safara'u, da 'ya'yanka, da Imran, wanda na san bai yi da mugunta ba. Lubabatu, Allah Ya ba ki haƙuri. Gobe zan zo da tabarau, mu ɗora daga na sittin da biyar.

Halima Lawal, Dangora