Ranar da 'Yata Ta Tambaye Ni Kamannin Uwarta

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, ba don abin kunya na yi ba, sai don akwai yarinya a cikin labarin, kuma tana girma.

A lokacin da abin ya faro ni matashin magidanci ne, ina sarin kifi a bakin ruwan Bagauda. Da safe nake tarar masunta idan sun fito, in ɗauki tarwaɗa da karfasa, wani in kai wa masu suya a Kwanar Dangora, wani a yi banda in kai Tudun Wada ranar kasuwa. Iyakata sakandare, amma a cikin abokan sana'ata ni ake wa kallon ɗan zamani, saboda ni na fara riƙe babbar waya. Komai na gani sai na ɗauka: babban kifi, sabon kwale-kwale, gonar shinkafar wana. Ina jin daɗin a taru a kaina ana leƙen wayar.

Matata 'yar Fulanin Burumburum ce, waɗanda suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. A kasuwa na fara ganinta, ta rako gwaggonta sayar da man shanu. Ita ce 'yar fari a gidansu, kuma Allah ya zuba mata kunya. Ranar bikinmu ba a kira mai hoto ba, domin mahaifinta ba ya son irin wannan hidima, ni ma ban matsa ba. Saboda haka duk wani hotonta na zaman aure ni na ɗauke shi da hannuna, a cikin gidanmu. Da farko in na ɗaga waya sai ta shige ɗaki. A hankali ta saba, har ta kai in ta yi sabon kitso ko ta sa lalle, ita take cewa in ɗauke ta kafin ya goge. Akwai wanda na ɗauka tana tankaɗe, gari ya ɓata mata gira. Akwai na ranar sunan 'yarmu. Akwai wani ɗan bidiyo da take yi wa jaririyar wanka tana mata waƙa da Fillanci. Ban taɓa tura wa kowa ko ɗaya ba, domin a ganina hoton iyali ba abin yawo da shi ba ne, kuma har yau ban sauya ra'ayi a kan wannan ba.

Wata rana ta je barkar haihuwa gidan wata ƙawarta da aka kai aure Doguwa. Da ta dawo sai ta yi ta ba ni labarin albam ɗin da ta gani a can, mai bango ja, kowane hoto a cikin ledarsa. Ta ce ita ma tana so in wanke mana namu. Ta ce wayar kullum tana aljihuna, in na fita sun fita tare da ni, ita kuwa tana son abin da za ta buɗe ta duba in ta gama aiki. Na yi dariya na ce wa yake wanke hoto yanzu, ai wannan sai tsofaffi. Na gaya mata abin da mai shagon da ya sayar min da wayar ya gaya min, cewa hotunan suna hawa imel da kansu, ko wayar ta ɓata suna nan. Ba ta yi musu ba, ta ce dai a wanke. Na ce to, bayan damina. Damina ta wuce na ce bayan salla. Ba ƙi na yi ba, wallahi, gani nake akwai lokaci.

A cikinta na biyu ƙafafunta suka kumbura, aka ce jininta ya hau. Muna zuwa awo, tana shan magani, amma da naƙuda ta zo sai jijjiga ta kama ta. Muka kai ta asibiti. Ita da abin da ke cikinta babu wanda ya dawo gida. 'Yarmu a lokacin ba ta daɗe da yaye ba. Mahaifiyata ta ɗauke ta, ni kuma bayan an watse daga zaman makoki sai wayar nan ta zama abokiyar hirata. In na je gaida mahaifiyata sai in ɗora yarinyar a cinya in buɗe mata hotunan, ta riƙa dangwala yatsa a gilashin tana cewa Umma. In na kunna bidiyon wankan sai ta yi tsit, ta juya tana duban ƙofa. A wannan lokacin ma tunanin wanke hotunan ya zo min, amma zuciyata ba ta iya ɗaukar in miƙa wa wani ƙato hotunanta ya riƙa dubawa a kwamfuta. Na ce sai na ɗan samu ƙarfi.

Da damina ta kewayo ruwa ya cika, wani masunci ya ce in bi shi tsallake in ɗauko kifin da ya tara a can. Muna dawowa, na sunkuya in gyara kwandon da ya karkace, sai wayar ta zame daga aljihun gaban rigata. Ko ƙara ba ta yi sosai ba. Da ba a riƙe ni ba da na bi ta, alhali ban iya ruwa ba. Masunta suka yi min kara, suka yi ta nutso a cikin ruwan da ya yi jawur da laka, har Allah ya sa wani ya lalubo ta. Ina karɓa na goge ta da riga na dinga danna makunni, da na isa gida kuma na sa ta a caji. Daga baya mai gyara a Tudun Wada ya ce wannan cajin ne ya ƙarasa ta. Na kai ta Kano, hannu ya fi uku ya taɓa ta, kowa ya buɗe sai ya girgiza kai ya ce injin ya ƙone, kuma irin wannan wayar a jikin injin take ajiya.

Sai na tuna da imel. Aka tambaye ni adireshin da lambar sirrin. Ban taɓa sani ba. Mai shagon ne ya buɗe min ranar da na sayi wayar, ya danna abin da ya danna ya miƙo min. Na je shagon na tarar ana sayar da taki a ciki, shi ya koma Kudu. Da ƙyar na samu lambarsa. Ya yi min ta'aziyya, ya ce mutanen da ya buɗe wa imel ba su ƙirguwa, ba ya iya tuna nawa, kuma layin da ya riƙa buɗewa da shi ya daɗe da yar da shi. Ya ce in yi haƙuri. Na kashe wayar aron da ke hannuna na zauna a bakin titi. Ranar ji na yi kamar an sake fito da ita za a kai ta makwanci.

Shekaru suka ɗan tura. Na sake aure, Allah ya haɗa ni da mace ta gari, ta karɓi yarinyar ta riƙe kamar ita ta haife ta. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba: fuskar marigayiya ta fara kuɓuce min. Muryarta tana nan a kunnena, tafiyarta ma ina gani, har tabon ƙunar da ke wuyan hannunta. Fuskar ce in na rufe ido in haɗa ta sai ta watse. In na kamo idanun sai bakin ya ɓace. Mutumin da kuka kwana ɗaki ɗaya, kuka ci a kwano ɗaya. Na riƙa jin kamar na ci amanarta.

Wata rana da azahar ina cin abinci a tsakar gida, 'yata ta dawo daga makaranta, lokacin ta shiga firamare. Ta ajiye jaka ta zauna kusa da ni. Ashe wata 'yar ajinsu ce ta zo da hoton bikin iyayenta tana nuna musu.

“Baba, Ummata ta farko fara ce ko baƙa?”

Na ce fara ce, kamar ke.

“Doguwa ce?”

Na ce eh, ta ɗan fi Ummanki ta yanzu tsawo.

“To ina hotonta?”

Na ce ya faɗa ruwa. Ta dube ni. Na ce ai kowa yana cewa ke kika ɗauko ta sak. Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da na gama na leƙa, na same ta tsaye gaban madubi, ta ɗaura ɗankwalin matata, tana kallon kanta ba ta ko motsi.

Washegari ban je bakin ruwa ba. Na hau babur na tafi Burumburum. Gidan iyayen marigayiya babu hoto ko ɗaya. Ƙaninta ya ce ya taɓa ɗaukarta a wata tsohuwar waya, amma ya sayar tuntuni. Na bi 'yan'uwa gida-gida, har Kiru na je wurin wata da suka yi Islamiyya tare, babu. Gwaggonta ce, wadda na fara ganinsu tare a kasuwa, ta ce in gwada Doguwa, domin a bikin ƙawar nan tata an kira mai hoto, kuma marigayiya tana cikin ƙawayen amarya, tun kafin in aure ta.

Na keta dajin Falgore na isa Doguwa da hantsi. Mijin ƙawar ya sauke ni a zaure, ya kawo ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya tashi ya shiga ciki. Ya fito da albam mai bango ja a naɗe cikin zane. Na buɗe. Ga dangin ango, ga kayan ɗaki, ga 'yan kai amarya. Can wajen tsakiya na gan ta. 'Yan mata ne sun kewaye amarya, ita tana can ƙarshen layi ta hagu, har mai hoton ya yanke mata kafaɗa ɗaya. Wani abu ya ba ta dariya daidai lokacin, ta sa hannu ta rufe baki. Goshinta da idanunta da rabin hancinta ne kawai a fili. Ban san na daɗe ina kallo ba sai da maigidan ya dafa ni. Matarsa ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce in cire hoton in tafi da shi, yarinyar ta fi su buƙata. Ta ce ranar da marigayiya ta zo barka ta daɗe tana juya albam ɗin nan, daga baya da suka sake haɗuwa ta ce ita ma maigidanta ya yi mata alkawarin irinsa bayan damina. Na cire hoton, na yi musu godiya.

A hanyar dawowa na tsaya Tudun Wada aka wanke min kwafi, aka ƙara girman gefen da take, duk da ya ɗan dushe. Na biya Burumburum na kai wa surukata ɗaya. Da yake marigayiya ce 'yarta ta fari, saboda alkunya tsohuwar nan ba ta taɓa kiran sunanta ba, ko ranar rasuwar ban ga hawayenta ba. Ba ta karɓa daga hannuna ba, ta ce in ajiye a kan faifai. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi yarinya, ta tambayi kasuwa, ko kallon faifan ba ta yi ba. Na yi sallama na fita. Ina tura babur na waiga ta saman dangar kara, na hango ta ta ɗauka ta kai shi dab da idonta, tana goge shi da bakin mayafi.

Da na iso gida na kira 'yata na miƙa mata hoton na asali, na ce Ummanki tana ciki. Ta duba, ta duba, sai ta ɗora yatsa a kan amarya, wadda ta fi kowa ado, ta ɗago tana murmushi. Na kama yatsan na ja shi zuwa ƙarshen layi.

“Wannan ce.”

Ta daɗe tana kallo. “Me ya sa ta rufe bakinta?”

Na ce dariya take yi.

“Me ya ba ta dariya?”

Na ce ban sani ba, lokacin ban san ta ba.

Edita, abin da ya rage mana ke nan daga hotunan da suka cika waya: rabin fuska a bikin wata. Na san mamaci addu'a yake buƙata ba hoto ba, kuma ba ina cewa a cika bango da hotuna ba, na san abin da malamai suke faɗa a kan haka. Amma maraya yana da tambayoyin da baki ba ya iya amsawa. Abin da na koya shi ne, abin da ke cikin waya aro ne, ruwa ko ɓarawo ko faɗuwa ɗaya ta isa ta raba ka da shi. Ina kira ga magidanta 'yan'uwana, ku zaɓi ko kaɗan ne ku wanke, ku sa a albam ku ajiye a ƙasan akwati, ku kai wasu gidan iyaye. Wanda aka buɗe wa imel ya je yau a nuna masa lambar sirrinsa. In kuma iyalinka ta roƙe ka ƙaramin abu irin wannan, kada ka ce mata bayan damina, domin ba ka san wanda zai ga kaka a cikinku ba.

Ina roƙon masu karatu su sa marigayiya a addu'a. Yarinyar yanzu ta fara zama budurwa, kuma duk lokacin da dariya ta kama ta sai ta sa hannu ta rufe baki. Ban sani ba ko gado ta yi, ko a hoton ta koya. Ban taɓa tambayarta ba.