Malama Da-Kai-Ne da Darasin Kwalekwale

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Da-Kai-Ne, don ba ta rufe darasin tarihi sai ta nuna wani da alli ta ce, "Da kai ne, ya za ka yi?" Haddar shekaru ba ta dame ta ba. Gwangwanin madara gare ta cike da murafen kwalba, kowanne da mutumin da ta rubuta a ciki: soja, manomi, ɗan gudun hijira. Wanda ka zaro shi za ka zama, ka kare shi a gaban aji. Iyaye sun sha kawo ƙara kan wannan salon koyarwa, har shugaban makaranta ya ja mata kunne: aka sake kawo ɗaya, za a raba ta da ajin.

Ranar darasin babbar ambaliyar zamanin kakanninsu, Auta, shiru-shirun kujerar baya, ta zaro mai kwalekwalen da ya tura jirginsa ya bar mutane a gaɓa. Malama ta dube ta. Ta san kakar yarinyar tana cikin waɗanda aka bari, kuma a nan ruwa ya ci ƙanin kakar.

"Kina iya canzawa," in ji Malama.

"Bari in gwada."

Auta ta miƙe. "Ruwa ya kai bakin jirgi. In na ƙara mutum ɗaya, duk mun nutse." Sai ta fashe da kuka.

A ranar, Malama ko abinci ta kasa ci. Mijinta, sarkin tsokana, ya ce, "Da ke ce shugaban, ya za ki yi?" Ba ta yi dariya ba.

Washegari ta hango tsohuwa da sanda a ƙofar ofishin malamai, Auta na riƙe da hannunta. Malama ta ƙarasa wurinsu. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke kika sa jikata ta zama mutumin nan?"

"Ni ce, Iya. A yi haƙuri."

"Tun ina budurwa nake tsine masa. Jiya yarinyar nan ta tambaye ni ko jirgin ya cika." Tsohuwar ta goge ido da bakin mayafi. "Ya cika, 'yar nan, har da jarirai. Da idona na gani, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina ajin yake? Gara su ji daga bakin wadda aka bari."