Zauren Baba Arzika da masu kwana cikinsa

Ƙafafu na fara gani ranar da aka kawo ni Dogon Dutsi daga Gecheme don in shiga lakkwal, wato makarantar boko. Ni mai kunya ce, kaina kullum a ƙasa, saboda haka kafin in ga fuskar kowa na ga sahun ƙafafu a bakin zaure, duk faso ya tsaga su, wasu an ɗaure da tsumma. Na ɗauka ƴan gidan ne. Ashe baƙi ne, mai gidan kuwa wan mahaifina, Baba Arzika, wanda bana shekara biyar ke nan da rasuwarsa.

A lokacin, duk shekarar da hatsi bai yi ba, mutanen ƙauye kan gangaro gari su kwana a rumfunan kasuwa. Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya ce baƙon da ba shi da mai masauki a kore shi. Shi ya sa Baba kan riga gardi, ƴan sandan Kumandan, zuwa kasuwa da sassafe. In sun tsare mutum, sai ya matsa ya ce, "Baƙona ne." Sau da yawa sai a hanyar gida yake tambayar sunansa. A al'adarmu wannan kalma ba ƙarama ba ce, don in baƙo ya yi ɓarna, mai masauki ake kira.

Yana da aboki, Malam Nomau tela, wanda kekensa ke jikin bangonmu. Gardamarsu guda ce, kuma ba ta ƙarewa. Ina kai musu fura in tsaya bayan zana ina saurare.

"Masu mulki ne sunka watso mutanen ga," in ji Malam Nomau. "A biɗi lanho, harajin nan, ga wanda rumbu nai babu komi, ina za shi in ba gari ba?"

"Kai Nomau, ɗinki ka iya," Baba ya ce. "Kumandan ne ya hana ruwa sauka ƙauyen Sukukutane? Ko kai anka naɗa, in hatsi bai yi ba sai sun zo."

"To a naɗa ni a gani mana."

"Allah shi kiyaye. Wandon da na ba ka tun bara ma bai fito ba."

Ban taɓa sa baki ba, amma ina kallo. Na ga shekarar da aka yi ruwa sosai, zauren ya kusa zama wayam, kamar yadda Baba ya faɗa. Na kuma ga lokacin da aka canza Kumandan, sabon ya matsa wajen karɓar lanho, zauren ya cika har waje alhali damina ba ta yi muni ba. Wannan kuwa maganar Malam Nomau ce. Baba bai taɓa yarda an kayar da shi ba. Sai dai ya ƙara siyo tabarmi.

Yanzu gari ya sauya. Ana maganar zaɓe, ana cewa ƴan ƙasa za su riƙe mulki da kansu. Da Baba yana nan, ina jin zai yi dariya ya ce a jira damina tukuna. Amma ina jin kuma zai je ya jefa ƙuri'arsa, don bai taɓa ƙin abin da zai rage masu kwana a kasuwa ba. Ni dai ina da sa rai. Wanda ya taso a ƙauye ya san watan da rumbu ke ƙarewa, kuma zai ji kunyar aika gardi a wannan watan.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, Malam Nomau ya zama jagoran wata jam'iyya a unguwarmu, kuma Yaya Gado, babban ɗan Baba, ya yi masa alkawarin zauren don taronsu. Har an kawo benci biyu. To amma akwai masu kwana a ciki har yanzu. Akwai Ja'e, wani dattijon Bafulatani da shanunsa suka mutu, tari ya kama shi. Na ga ya naɗe kayansa ya aje kusa da ƙofa. Ba shi da wurin zuwa sai rumfar mahauta.

Baba bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da har yau in sun shigo gari ranar kasuwa sukan tsaya ƙofarmu su yi masa addu'a, wasu da damin hatsi a ka.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je wajen Malam Nomau. Na daɗe tsaye kafin ya tsayar da keke.

"Ɗiyata, lafiya? Ke da ba a jin muryarki?"

Na ce, "Malam, ku ne kuka ce masu mulki ke raba mutum da makwanci. Ga shi mulkin ya fara zuwa hannunku." Ya cire zaren da ke bakinsa, ya dube ni, bai yi fushi ba. Sai na ƙarasa: "Don Allah ku yi taronku ƙarƙashin itacen gawon nan na ƙofar gida, ku bar wa su Ja'e zauren har a yanke hatsi."