Kujerar Anti Yatsu

A shagon gyaran gashin da nake aiki, kujerar kusa da taga ta Anti Yatsu ce. Mun sa mata sunan ne saboda hannunta. Za ta yi wa mace kitso tana ba ta labari, har ta gama kan bai san an taɓa shi ba. Mijinta ya rasu da daɗewa, kuma da wannan hannun ta riƙe gidanta. Mata layi suke bi saboda ita, mu sauran sai wadda ta gaji da jira.

Sai likita ya ce tana da ciwon daji a mama. Aka fara yi mata ƙarin ruwan magani, gashinta ya zube tas, har gira. Ita da kanta take zolaya, wai mai kitso ta samu hutu daga kanta. Idan maganin ya kayar da ita takan kwanta kwana biyu, da ta farfaɗo kuma sai ta ɗaura ɗankwali ta dawo aiki. Ta ce mini zaman ɗaki ne ke kashe ta, in tana kitso mantawa take tana da wani ciwo.

Ranar da ɗankwalin ya zame a gaban mutane, ranar komai ya lalace. Wata tsohuwar kwastomarta ta zabura daga kujera, rabin kai a tsefe, ta ce ta tuna ta bar girki a wuta. Daga nan kowa ya koyi kalma ɗaya. “Anti, ki huta.” “Haba Anti, ai hutu ya kamace ki.” Da murya mai zaƙi suke faɗa, suna janye kai daga hannunta. Ban taɓa jin kalma mai daɗi ta ba ni ƙyama haka ba.

Anti Yatsu ta sami mai shagon ta ce, “Hajiya, ki faɗa musu ciwon nan ba a ɗaukarsa. Likita ma ya ce in yi aikina in ina da ƙarfi. Rabin yini kawai nake so.”

“Lafiyarki ta fi mana komai,” in ji Hajiya. “Je ki huta, kujerarki na nan.”

Kafin sati ya zagayo an ɗora wata a kai.

Na je duba ta gida, na tarar da ita zaune ita kaɗai tana murza yatsunta, wai maganin yana sa su mutuwa. Ta dubi kaina ta ce, “Wa ya yi miki wannan ɓarnar? Zauna.” Ta daɗe tana yi, tana tsayawa tana haki, amma tsagar ta fita tamkar da zare aka ja.

Washegari na shiga shago kai a buɗe da gangan. Mata suka yi caa, kowa na tambayar inda aka yi mini. Na ce musu Anti Yatsu ce. Hajiya ta ja ni gefe ta miƙo mini sabulu.

“Ki wanke kan nan da hannuwanki kafin ki taɓa kowa. Don hankalin mutane ya kwanta.”

Na ajiye mata sabulunta, na yi aikina raina a ɓace. Da yamma Anti Yatsu ta kira ni a waya.

“Ƙanwata, sun gani? Sun ce in dawo?”

Na ce mata sun yaba ƙwarai. Ta jira sauran maganar.