Ƙoƙi-ƙoƙin Goggo Baiwa

Goggo Baiwa ƙanwar mahaifina ce. A Gafasa ta yi aure, a can mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, sai 'yar gonar gyaɗa a bayan gida. Ita ce ungozomar unguwarsu, kusan duk yaran wurin a hannunta suka faɗo. Ba ta da surutu, sai son kallon ƙwari kamar me.

Shekarar da darɓa ta cinye gyaɗar mutane, wajen 1975, ta lura ƙananan ƙoƙi-ƙoƙi na cin wannan ƙwaro. Sai ta shiga tsinto ƙwansu, wani abu kamar busasshen kumfa manne a jikin kara, tana ajiyewa a tukunya. Da suka ƙyanƙyashe, tukunya ta cika da 'ya'ya ƙanana kamar sauro. Ba a jima ba ta ga suna raguwa, ashe junansu suke ci! Ta raba su, kowanne da ɗan goransa, ta toshe bakin da tsumma, tana jefa musu ganye mai darɓa. Nufinta in sun yi ƙarfi ta sake su a gyaɗarta. Iyakar laifinta ke nan, wallahi.

Ina budurwa lokacin, na je mata ziyara. Ana haka Kabo, ɗan maƙwabciyarta Hajara, ya kwanta da zazzaɓi, yana fizge-fizge yana sambatu. Hajara ta shigo ɗakin Goggo neman magani, ta ga goruna a jere, ta buɗe ɗaya. Ɗan abin ya juyo da kai ya dube ta, ya haɗa hannu kamar mai roƙo.

"Wayyo Allah, kurwar ɗana!" in ji Hajara, ta fita da gudu. Mutanen wurin sun yarda cewa haka maye ke ɓoye kurwar wanda ya kama.

Kafin la'asar gida ya cika maƙil, samari riƙe da sanduna. Tsoro ya kama ni. Goggo ta yi bayani har muryarta ta dushe, amma wa zai saurare ta? Gwadabe mai unguwa ya ce, "Baiwa, ki tsallake yaron nan. In ke kika kama shi, ki sake shi."

Muna tafiya gidan Hajara, ta riƙe hannuna. Ta ce a hankali, "Lami, in ya mutu za su ce na cinye shi. In ya tashi za su ce na sake shi."

"To wanne za mu roƙa, Goggo?"

"Ke, wace irin tambaya ce wannan? Da hannuna na yanke masa cibiya!"

Ta tsallake shi tana kuka. Samari suka farfasa gorunan da ƙafa.

Kabo ya warke sumul. Hajara ta yi gumbar sadaka, ta aika kowane gida ban da na Goggo. Mata suka daina kiranta haihuwa, in ta doso sai su janye yaransu. Marasa kunya, su da ta sha wanke musu jini! Kafin kaka mahaifina ya je da jaki ya kwaso ta zuwa Kademi, inda ta ƙarasa rayuwarta a wurinmu.

Tana tsohuwa tukuf aka kawo labarin an yi wa Kabo haihuwar fari. Ta yi hamdala, sannan ta juyo gare ni.

"Lami, wa ya yanke cibiyar?"